Mai Raba Faɗan Ƙudaje

Malam Usumanu na Gada Biyu tsohon direban motar kuza ne. Da aka rage ma'aikata, ya samu aiki a wani ɗakin bincike a Titin Bauchi, ƙarƙashin Dakta Adaeze. Yana kiwon ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓiyar ayaba a cikin kwalabe, da wannan yake ciyar da gidansa.

Faɗa Dakta ke bincike. Takan zuba magani a abincin wasu mazan ƙudajen, don ta ga ko sinadarin ƙwaƙwalwa ke sa su zafin rai. Usumanu ke haɗa su biyu-biyu a faranti mai murfin gilashi, da ɗigon ayaba a tsakiya, ya zauna ya ga wanda zai fara kai hari.

A daminar 1978 aka kashe ɗansa Ishaku a tashar mota, kan musun lodi. Dama yaron zuciyarsa a kusa take. Mutane suka kewaye suna kallo, ba wanda ya shiga tsakani.

Bayan sadakar bakwai ya koma aiki. Da ƙuda ya ɗaga fiffike zai abka wa ɗan'uwansa, sai Usumanu ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, su watse. Dakta ta daɗe tana mamakin yadda ƙudajenta suka daina faɗa, sai ranar da ta tsaya a bayansa.

"Baban Ishaku! Me kake yi?"

"Ranki ya daɗe, ba a faɗa a gabana in zura ido."

"Kallon shi ne aikin! Ka ɓata mini damina guda."

Ya ce, "Abin nan da ke kansu, da shi ake haihuwarsu, ko laifin mai kiwo ne?"

Ta sassauta murya. "Ƙuda ne wannan, Baba. Na mutum ban sani ba." Ta ce zai iya ci gaba da aikin, in zai riƙe hannunsa.

Washegari ya cusa hannu a aljihu. Ƙudajen suka yi cirko-cirko. Bai san lokacin da farcensa ya taɓa gilashin ba. Ya cire farar rigar aikin, ya ninke, ya ajiye.

Yanzu lemo yake sayarwa a bakin tashar. Cinikin ba ya isa. Amma da muryar faɗa ta tashi, sai ya bar tiren ya miƙe.