Takalmin Baba Kurungu

Wallahi abin da zan faɗa maku ni ya faru da ni, lokacin ina acaɓa tsakanin Ƙanƙara da Faskari. Ban yi boko ba, karatuna sai da ƙyar, don haka bayan la'asar mukan taru a shagon Malam Hadi tela ya karanta mana wasu littattafan barkwanci na garin aljanu, masu fitowa kashi-kashi shekara da shekaru. Aljanun nan kamar mu suke, ga gulma ga ciwon baya. Akwai wani tsoho cikinsu, Baba Kurungu, sarkin mita, kullum takalminsa na hagu ya ɓace. Yayana Sale sak. Har sunan ya bi shi, in an kira ya ce, "Kurungun gidanku," kuma ya amsa.

To wata rana da tsakar rana, na ɗauko sabon kashi daga Faskari, wajen Pauwa wani tsoho ya tsayar da ni. Ya hau, babur bai ko ji nauyinsa ba. Muna tafe yana mitar rana, yana mitar hanya, can ya ce, "Yaro, littafin da ke aljihunka, kada a karanta shi gaban mai sunana." Na waiwaya, ba kowa. Sawu dai na gani a ƙasa, ɗaya da takalmi, ɗaya babu.

Na faɗa a shago, aka yi ta dariya. Yaya Sale ya ce, "Kai dai rana ta buge ka. Malam, karanta, in ji me na yi yau." Aka karanta. A ciki Kurungu ya fita neman takalminsa, kashin ya ƙare bai dawo ba.

Washegari Yaya ya tafi gonarsa ta Mabai, bai dawo ba. Takalminsa na hagu muka tarar kan kunya. Mun ce mutanen daji ne, muka jira waya. Har Sabuwa na je cigiya. Ba wanda ya taɓa kira.

Bara Malam Hadi ya tare ni, ya ce Kurungu ya dawo a sabon kashi, sai dai ya bar barkwanci, kullum yana tambayar ƙanensa mai babur. Ban bari ya ƙarasa ba.

Ku yi dariyarku, amma kada ku laƙa wa ɗan'uwanku sunan wanda ba ku ga ƙarshen labarinsa ba.