Na Je Bakin Teku Ɗauko wa Alhaji Numfashi

Fita daga Zongo

Ni da ko kasuwa sai da dalili nake leƙawa, ranar Asabar ina idar da sallar Asuba na naɗe darduma na fita. Dalilin kuwa Alhaji ne, maigidana. Tun da ya bar tuƙin babbar mota hawan jininsa ya ƙi sauka, barci ya ƙaurace masa. Likita ya ce ya ci gaba da shan magani, ya kuma je bakin teku a Fidjrossè, akwai masu yoga da ke koyar da numfashi. Alhaji ya ce ya tsufa yana numfashi ba wanda ya koya masa, kuma ba zai zauna cikin masu bautar ruwa ba.

Na ce, "To ni zan je in ɗauko maka."

"A leda za ki zubo shi, Hajiya?"

Gbégamey

Na tare zem, ɗan babur mai riga ruwan ɗorawa. Ya kifa mini kwalkwali a kan hijabi, na daina jin komai sai bugun zuciyata. A Gbégamey ɗan sanda ya tsayar da mu, ya ƙwanƙwasa kwalkwalin kamar mai sayen kankana, ya ce mu wuce. Na gaya wa mai zem wurin masu numfashi za shi kai ni.

"Maman, duk Cotonou numfashi muke. Waɗanne?"

Sai da muka yi ta tambaya.

Fidjrossè

Na tarar da mutane zaune a kan tabarmin roba, duk sun fuskanci ruwa, Madam mai koyarwa tana gabansu. Nan kaina ya ɗaure. An ce a zo da abin shimfiɗa, ni kuwa darduma na kawo. Yaya zan shimfiɗa darduma ta kalli teku? In wani ɗan Zongo ya gifta ya gan ni, ai na gama wa Alhaji hujja. Na juya ta alƙibla na zauna, Madam ta koma can damana, ba na ganinta sai dai in ji muryarta.

Ta ce a toshe ƙofar hanci ta dama, a shaƙa ta hagu, a sauya, a fitar a hankali. Tana ƙirge da Faransanci, ni ina neman hagu da dama, har na toshe duka biyun. Tari ya sarƙe ni. Ta zo ta zauna gefena tana dariya.

"Ɗaya kawai, Maman."

Na ce, "Tsaya, 'yata. Akwai wanda ake kira a cikin abin nan?"

"Babu. Hanci ne da huhu."

Na bar mata ƙirgenta. In zan shaƙa in yi Subhanallah ɗaya a zuci, in zan fitar in yi biyu. Daga nan aka rufe baki ana ƙugi kamar ƙudan zuma. Ban san lokacin da kafaɗuna suka sauko ba. Madam ta ce yana kwantar da hankali, yana taimakon barci, amma mai hawan jini kada ya riƙe numfashi, kada kuma ya bar maganinsa. In ya ji jiri ya dakata.

Komowa

Na tsaya na sayi ƙosai, na iso gida hantsi ya dubi ludayi. Alhaji yana ƙofa.

"Ina ledar?"

Na zauna na yi masa duka, da tasbihin da ƙugin. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce na je na koyo busar hanci. Na shiga madafa raina ba daɗi, ina tambayar kaina ko ma daidai na kwaso.

Bayan Azahar ina wanke tukunya sai kunnena ya jiyo ƙugi daga ɗakinsa.

"Alhaji, zuma ce ta shigo?"

"Mura ce."

Ƙugin ya ci gaba, ya yi ƙasa, ya tsaya. Sai minshari. Na ajiye tukunyar a hankali, na gode wa Allah da ya kai ni ya komo da ni lafiya, na sakaya masa ƙofa.