Ranar da Inna Ta Hau Jirgin Baƙi

Har yau idan muka haɗu da Yaya a gidan suna ko wajen ta'aziyya, sai ya san yadda ya yi ya sako zancen jirgin nan. Wai ni ce matar da ta sayar da rabin buhun shinkafa don a nuna mata ruwan da ta tashi tana wanki a bakinsa. To, ya yi ta faɗa. Shinkafar tawa ce, ni na jiƙa, ni na turara, ni na shanya ina korar kaji, kuma da za a maimaita yau, wallahi buhu guda zan sayar.

Iyayenmu suna cikin waɗanda aka tasa lokacin da ruwan dam ɗin Tiga ya cinye garinsu. Yaya a goye aka taho da shi, ni kuma a sabon mazauni aka haife ni. Shi ya tashi da kamun kifi da noman rani, yana da kwalekwalensa, kuma a hannunsa Inna take tun rasuwar Baba. Ni aure ya kai ni garin Ƙofa, sai dai duk sati biyu nakan leƙo ta.

Sai da na yi haihuwar fari wata goggonmu ta gaya mini cewa ba da Yaya Inna ta fara ba. Akwai wani namiji kafin shi, wanda ya rasu ba a yaye shi ba, aka binne shi a bayan ɗaki kamar yadda ake yi wa jarirai a lokacin. Da aka zo tashi, an kwashe tukwane, an kwashe azara, har dutsen niƙa an ɗauko, amma shi yana can. Na tambayi goggon sunansa, ta ce ya shige mata, don yaron bai daɗe a duniya ba. Baba ya rasu ban tambaye shi ba. Inna kuwa, wa ya isa? Irin matan dā ce masu kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa yana raye, balle yanzu, kuma ko da wasa ba ta taɓa nuna mana ta haifi wani kafin Yaya ba.

Ba zan ci haƙƙin Yaya ba, ya sha cewa, "Inna, ki zo in kai ki ki ga wajen tsohon gari."

Ita kuma amsarta ɗaya ce kullum: "In ga me? Ruwa ne a sama, ruwa ne a ƙasa."

Ana nan sai ga wani saurayi daga Kano, ɗan boko, ya zo da sabuwar sana'a. Ya yi hayar babban kwalekwale mai inji, ya yi masa rumfa, ya jera bencina. Duk ranar Asabar yana kwaso mutanen birni ya zaga da su cikin dam, yana tsaye da ƙaramar lasifika yana ba su tarihi. A hanya a tsaya wajen wasu mata a sha kunun zaƙi da zoɓo, a gaba a sha fura da nonon Fulani, a rufe da soyayyen kifi. Da bakinsa ya gaya wa masunta cewa a waya ya ga dabarar. Wai a ƙasashen Turawa ana ɗaukar mutane a manyan jiragen kogi, duk garin da aka tsaya ɗan jagora ya kai su su ɗanɗana giyar garin, su biya kuɗi mai yawa. Shi kuma ya ce bari ya yi na halal.

Ai kuwa da bai faɗa ba! Kafin sati ya zagayo, sunan abin ya koma jirgin 'yan giya. Ba wanda ya taɓa ganin ko kwalbar banza a ciki, amma ka san bakin mutanenmu.

A wannan shekarar yanar ido ta fara rufe wa Inna gani. Na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma na nesa yana neman gagarar sa. Ranar da na je ina tsefe mata kai, sai ta ce, kamar da bango take magana, "Wai jirgin yaron nan har ta wajen duwatsun nan biyu yake bi?" Na ce ban sani ba. Da na koma bayan sati biyu ta sake: "An ce duk baƙi ne a ciki, ko? Ba ɗan gari ko ɗaya?" Na ce haka na ji. A zuwa na uku ta ce, "Matuƙin ma an ce daga can wajen Yawuri yake."

Nan na farga. Matar da ba ta san kuɗin gishiri a kasuwa ba, ita ce ta binciko garin matuƙi! Ashe ba zuwan ne ba ta so ba, idon sani ne ba ta so. A kwalekwalen Yaya, ɗanta ne riƙe da filafilin tuƙi yana kallon fuskarta. Ko ta isa wajen, sai dai ta haɗiye ta ce a juya. Kuma idan yanar nan ta ƙarasa, ko an kai ta ba za ta gane wurin ba har abada.

Na sayar da shinkafata, na ce da Yaya Asabar mai zuwa zan shiga jirgin nan da Inna. Yana gyaran komar kamun kifi a zaure, ya ajiye ya dube ni.

"Ke lafiyarki ƙalau kuwa? Tsohuwa kamar Inna a jirgin 'yan giya? Da wane ido zan kalli mutane a masallaci?"

"Da idon da kake kallon su kullum," in ji ni. "Ka taɓa ganin giyar? Kunu ne, Yaya, kunu! Shi ma ya zama haram?"

"To ko kunun ne, ga kwalekwale a gida kyauta. Ki ɗauki kuɗi ki ba ɗan birni ya nuna miki abin da na fi shi sani? Wannan ai almubazzaranci ne."

"Shekara nawa kana tayin na kyautar? Ta hau?"

Ya ce taurin kaina tun ina yarinya yake, ba yau na fara ba. Na ce ai a gida na gada. Ban gaya masa dalilin ba, don sirrin ba nawa ba ne, kuma da ya ji da shi ke nan, kunya ta hana Inna motsawa. Na bar shi yana ta sababi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saura saurayin nan, ɗan jagoran jirgin. Na same shi a bakin ruwa ana wanke bencina, na ce kujera biyu nake so, amma da sharaɗi: idan an zo daidai duwatsu biyun nan da ke leƙowa daga ruwa, inda tsohuwa ta nuna, a kashe inji a ɗan tsaya.

"Hajiya, ai muna da tsari," in ji shi. "Hanyarmu ba ta kai can sosai, kuma mai ya yi tsada. Tsohon garin ma muna nuna wa mutane shi, ta nan gabas yake."

"Ta gabas? Wa ya gaya maka?"

"Haka na karanta."

"To wanda ya rubuta maka bai taɓa kwana a garin ba. Ɗan nan, za ka ɗauki matar da aka kai ta amarya garin, ta yi daka a cikinsa, sannan ka nuna mata gabas? Ko ka tsaya inda ta ce, ko in zauna a nan ranar Asabar in gaya wa baƙinka ɗaya bayan ɗaya cewa ruwan banza kake nuna musu."

Ya yi dariyar yaƙe, ya ce Hajiya ba ta da sauƙi. Na ce ko kaɗan. Ya amince, amma ko sisi bai rage mini ba, ɗan ƙwal uba.

Ranar Asabar da hantsi muka iso. Inna ta sa atamfarta ta Sallah da farin mayafi, ta ce wa matan gida asibitin ido zan kai ta. Baƙi sun kai goma sha, 'yan mata da samari masu ɗaukar hoto, wani magidanci da iyalinsa, da wata mata mai kamar shekaruna ita kaɗai. Aka sa wa Inna rigar nan mai ruwan lemo da ke hana nutsewa, tana ta mita wai an ɗaure ta kamar buhun gawayi. Na riƙe ta ta taka ta shiga, ta zauna. Na ɗaga ƙafa zan bi ta, sai ta sa hannu ta tare ni.

"Ke tsaya nan ki jira ni."

"Inna, ai na biya tawa kujerar."

"Na sani. Ki tsaya."

Ba ta ko kalle ni ba. Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Ni da na yi faɗa da Yaya, ni da na sayar da shinkafa, ni da na gane abin da kowa bai gane ba! A lissafina ni daban ce, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Na manta ni ma ita ta haife ni, idona ma idon sani ne. Ɗan jagoran ya ce ba a mayar da kuɗi, na ce wa ya tambaye ka? Aka ja inji, jirgi ya tafi da kujerata ba kowa a kai.

Na zauna a kan wani kifaffen kwalekwale ina huci. Masu sayar da kifi suna satar kallona, wata ma har da tambayar ko tsoron ruwa nake. Na ce eh, tsoron ruwa nake, sai me? Na bi jirgin da ido har ya zama ɗan ɗigo. Can na ga ya karkata wajen duwatsun, ƙarar injin da iska ke kawowa ta ɗauke. Na ce yanzu za su tashi. Shiru. Na ƙirga, na gaji da ƙirga, jirgi na nan tsaye. A nan fushin ya sake ni, na ja mayafi na rufe fuska na yi kukana, ban damu da masu kifi ba.

In don abin da aka sayar ne, to gaskiyar Yaya ce, kuma ban taɓa musu ba. Kunun da suka rago mini da suka dawo tsululu ne, kifin 'yan ƙananan karfasa ne da ko kyauta aka ba ni a gidan Yaya sai na yi ƙorafi, tarihin kuma rabinsa shaci-faɗi. Duk ɗan bakin dam da ya biya don wannan, an yi masa wayo. Mutanen birni kuwa da ba su taɓa ganin ruwan da ya fi na kududdufi ba, su suka san abin da suka saya. Ni dai ba kunu na saya ba. Na saya wa uwata mutanen da ba su san ta ba, kuma wannan ba ya cikin kwalekwalen gida.

Bayan azahar suka dawo. 'Yan matan da suka tafi da shewa sun yi tsit. Ɗan jagoran da kansa ya tallabo Inna ya sauko da ita, lasifikar na rataye a kafaɗarsa, ya kasa haɗa ido da ni. Matar nan mai kamar shekaruna ce riƙe da ɗayan hannun. Da ta miƙo mini ita, sai ta ja ni gefe ta rage murya.

"Ke ce 'yar tata? Allah ya jiƙan babban yayanku," ta ce, ta kuma ambaci sunansa, kamar wadda ta ɗauka na sani. "Ta ce ya fara rarrafe, haƙoransa biyu. Ta kira shi ya fi sau goma. Duk jirgin ba wanda bai yi hawaye ba, har matuƙin. Shi ya ƙi tayar da inji sai da ta ce a tafi."

Na ce amin. Ciki ɗaya muka fito da shi, amma sai ranar na ji sunansa, a bakin matar da ban san ko daga wace unguwa take ba. Ba zan rubuta shi a nan ba. Ban faɗa wa Yaya ba, kuma ba zan faɗa ba sai ranar da ya daina yi mini gorin shinkafa ya tambaye ni da hankali.

A cikin A-daidaita muna komawa, Inna ta gyara zama ta ce, "Kunun nasu ko gardi babu. An cuce ki."

"An cuce ni, Inna."

Sai da muka yi nisa na lura gefen mayafinta jiƙe yake sharkaf, ashe ta tsoma shi a ruwan tsohon garin, ta dunƙule shi a hannu ta manna a ƙirji. Ruwan yana bin hannunta yana ɗiga a kan atamfar. Na kai hannu zan matse mata, ta buge hannuna.

"Bar shi," in ji ta. "Yanzu na ɗauko shi."