Almakashin Yaya

Yayata tela ce, kuma tun muna yara doka ɗaya ke gare ta: almakashin yanka yadi ba ya taɓa takarda, don takarda tana dakushe shi. Na sha ranƙwashi a kan wannan.

Tana da shekara arba'in da ɗaya ta shiga jami'a. Komai ya tafi daidai ban da nahawun Turanci. Sau biyu tana faɗuwa, wanda ya faɗi karo na uku kuwa sallamarsa ake yi.

Ni da nake koyar da Turanci a sakandare, na je shagonta ina hura hanci. Na ce, "Yaya, hadda za ki yi, haka muka wuce."

Ta ce, "Ke Auta, kan nan ya daina riƙe hadda. Amma ban taɓa farke riga na kasa mayar da ita ba."

Bayan mako guda na dawo, sai na tsaya turus a bakin ƙofa. Yaya ce riƙe da almakashin nan, tana yanka takarda! Jimla take kwafowa daga jarida, ta yanka ta kalma kalma, ta zuba a gwangwanin maɓallai ta girgiza, sannan ta juye a tebur ta sake jerawa. In wata kalma ta ragu, sai ta ɗaga ta tana tambaya, "To ke mene ne aikinki a rigar nan?" In jimlar ta haɗu, sai ta mayar da kalmar "jiya" ta koma "gobe", ta ga wace kalma ce dole ta sauya. Wadda ta gagare ta, ta maƙale ta da allura a labule har sai ta gane kanta.

Jimla uku kowace safiya kafin ta hau keken ɗinki, wata huɗu cur. Labulen ya cika, daga baya ya koma fayau. Wallahi akwai ranar da ta warware mini abin da na shekara shida ina koyarwa ban san dalilinsa ba.

Da sakamako ya fito, ita ce ta uku a ajinsu. Na iso da gudu ina kukan murna, na tarar tana gwada almakashin a ƙyalle, ya ƙi ci sam.

Ta miƙo mini. "Ungo, Auta, ya gama da yadi. Ki kai wa ɗalibanki."