Naman Kazan da Iya Ta Sa Mu Gane da Ido a Rufe

A ƙauyenmu, kudu da Malumfashi, tatsuniyar kakarmu Iya ba a banza ake samun ta ba. Da damina, in an gama cin tuwo, sai ta zauna bakin murhu da ƙoƙon naman kaza, ta ce mu rufe ido mu laluba. Wanda take so mu zaƙulo ɗan mitsitsi ne, ruwan ƙasa, ba shi da kara, a ruɓaɓɓen reshen ɗorawa yake tsirowa. Sanyi gare shi da santsi, yana rawa a hannu kamar romon ƙafar sa in ya daskare. Duk wanda ya ɗauko farin nan dogo da ke fitowa a ƙasa, ya sha muciya a yatsu. Ni na fi kowa shan ta, kuma na tsani wasan nan.

Sai mun gane take ba mu labarin, kullum shi ɗin ne dai. Mahara suka faɗa wa wani gari ana noman fari, suka yanka maza a gindin rumbuna, suka cinna wa ɗakuna wuta, suka tasa wata mata da ɗanta a gaba, igiya a wuya. A kurmi guzuri ya ƙare, suka ce ta nemo abin ci. Ta tsinko iri biyun nan, ta gasa a fasasshen kasko, ta juye a ƙwarya ɗaya. Babbansu ya ɗora mata takobi a maƙogwaro, ya ce ita za ta fara ci. Ta sa hannu ko dubawa ba ta yi ba, yatsunta suka zaɓo mai santsin. Su kuma suka wawashe sauran. Washegari suna birgima suna aman jini, ta ɗauki gatarinsu ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wata rana na ce, "Iya, yaron fa?"

Ta tura itace cikin wuta. "Yunwa yake ji, ya kai hannu ƙwaryar. Da ta buge hannun, da sun gane."

Na yi aure har na hayayyafa kafin Iya ta rasu. Da muka zo wankan gawarta, aka cire sarƙar tsakiyar da ba ta taɓa rabuwa da ita ba, sai ga tabon igiya ya zagaye wuyan. A ranar ne babana ya faɗa mini yana da wa, wanda bai taɓa gani ba.

Yanzu ni ke riƙe da ƙoƙon, jikokina na laluba. Wanda ya ɗauko farin, ina jin dukan har cikin raina, amma ba na fasawa.