Fitilar da Ke Kamawa Bayan La'asar

Jiya ma ina zaune a falo bayan la'asar, rana ba ta faɗi ba tukuna, sai fitilar da ke saman kantata ta kama da kanta. Kwana tara ke nan a jere, tun dawowata Azare daga Kano, inda Hajiya maiɗakina ta yi jinyar ajali.

Babban ɗanmu ne ya sa aka haɗa fitilun gidan da na'ura guda mai sarrafa su. Ni kuwa gobara nake tsoro, don haka na kira Malam Bukar, wanda ya ja wayoyin, na ce ya yanke layin.

Ya buɗe akwatin na'urar, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Alhaji, wayoyinka lafiya lau suke. Umarni na'urar ke bi."

Na ce, "Umarnin wa?"

Ya sunkuyar da kai. "Na Hajiya, Allah ya jiƙanta. Ana gobe za ku tafi asibiti ta kira ni. Ta ce in ba ta tsaya a kanka ba, ba ka shan maganin hawan jini, ƙarar waya kuma ba ta shiga kunnenka, don haka in saita fitilar nan ta riƙa kamawa bayan la'asar. Me ake ajiyewa a kantar nan?"

Na duba. Kwalbar maganina ce, rabona da ita tun ranar jana'iza.

Subhanallah! Na ce ya mayar da murfin akwatin, ya miƙo mini ruwa.

Jama'a, ku sa ta a addu'a. Ko a cikinku akwai wanda alherin mamaci ya riske shi bayan an rufe ƙasa?