Hannun Maman 'Yan Biyu

Maman 'Yan Biyu tela ce. Tun da ta fara haihuwa ba a ƙara kiranta da sunanta ba, har ita ma sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuno shi. Tagwaye maza da ba su isa makaranta ba, ga jaririya a baya. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi: keken ɗinki, tulin ƙyallaye, da almakashin da kullum a ƙarƙashin yaro ake samunsa.

Kada wani ya ce murya ce ta kai ta ƙungiyar mawaƙan coci. Lura ta yi cewa a duk cocin, bencin mawaƙa ne kaɗai wurin da ba a jan zanen mutum a ce "Mama, fitsari." Sa'a guda ba kowa a jikinta, abin da take nema ke nan. Mijinta, bakanike, ya ce to. To ɗin namiji kuwa ba shi da tsada.

Ranar farko ta koyon waƙa kanta ya ɗaure. Malamin waƙa, wani siriri mai dogayen yatsu, ya ce muryoyi huɗu ne. Ita a saninta waƙa waƙa ce, kowa ya ja iya wuyansa. Ya ajiye ta cikin mata masu kaurin murya, ya ce kada ta bi na gabanta, kada ta bi na bayanta, kuma kada ta rabu da su. Ta waiwayi Goggo mai tabarau da ke gefenta. Goggo ta raɗa mata cewa ita ma shekara da shekaru ba ta gane ba, idan an buɗe baki ta buɗe, idan an rufe ta rufe. Hannun malam kuwa ba a magana: ya ɗaga a fara, ya ɗaga a yi shiru, ya ɗaga ya kori ƙuda.

Da goyo take zuwa koyo, don bakanike kullum yana ƙarƙashin motar wani. Tana waƙa, hannunta na baya yana bubbuga yarinya. Ba ta ankara ba ashe da wannan bugun take gane inda ake shiga da inda ake tsayawa. Har malam ya fara yabonta, tana mamakin me ta yi.

Sai wata rana yarinya ta tsala kuka daidai inda ake sassauta murya. Malam ya kafa doka: ranar Lahadi ba goyo a ƙarƙashin rigar mawaƙa, wadda ba za ta iya ba ta koma bencin jama'a. Kowa ya san da wa ake.

Lahadi ta miƙa wa bakanike yarinya, ya karɓa kamar an ba shi ƙwai a cokali. Ta hau matakalar da ke kaiwa bencin mawaƙa, bayanta sakayau, har tana jin kamar za ta faɗi ta gaba. Abin da ta daɗe tana roƙo ke nan, amma sai ta ji kamar ta manta tukunya a wuta.

Aka ɗaga hannu. Ta shiga ita kaɗai, kafin kowa. Ta yi shiru, aka wuce ta. Ta bi na gaba, Goggo ta zungure ta. Gumi ya karyo mata. Can sai hannun nan, ba da izininta ba, ya zagaya baya yana neman goyo. Ya kuwa samu abu mai taushi, ya kama bubbugawa. Nan take waƙar ta dawo mata tsaf, baiti bayan baiti.

Tumbin wani mahauci ne, mai babbar murya, da ke tsaye a bayanta. Bawan Allah ya sandare, ya kasa ja da baya don bango ne, ya ci gaba da waƙa ana lallashinsa har amin. Tabaraun Goggo sai da ya zame don dariya. Matar mahauci tana layin gaba a bencin jama'a, ita ba ta yi dariya ba.

Da aka tashi sujada, malam ya kira Maman 'Yan Biyu gefe. Ta riga ta fara cire rigar don ta mayar. Ya daɗe yana kallon yatsunsa.

"Maman 'Yan Biyu, ki dawo da goyonki," in ji shi. "Gara kukan yarinya da na matar mahauci."

Ta tsaya da riga a wuya, ba ta san ko ci ta yi ko an cinye ta ba. A makon ta farke bayan rigar a kekenta, ta ƙara yadi yadda zai ɗauki mutum biyu. Bencin dai nata ne har yanzu. Sai dai tagwaye, da suka ga an bar ƙanwarsu, su ma sun gano hanyar matakalar.